Garin Ruwa a Madubin Makka

A Nakkasa, wata unguwa a Makka, aka haife ni, can saman dutse, a wani gida da aka harhaɗa da kwano da katako da duk abin da hannu ya kai gare shi. Yanzu an rushe yawancin unguwar, ko ni da aka binne cibiyata a wurin ba zan iya nuna wa kowa inda ƙofarmu take ba. Amma a shekarun alif ɗari tara da sittin da 'yan kai, ina 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, babu lungun da ƙafata ba ta sani ba. Daga tsakar gidanmu in ka ɗaga kai dutse ne, in ka sunkuyar dutse ne, baƙi ƙirin, da rana ta ɗaga sai ya riƙa huci. Bishiya ɗaya na sani a duk hanyarmu, ita ma inuwarta ba ta isar akuya.

Baba ɗebo ruwa yake yi. A lokacin famfo bai hau duwatsun Makka ba, sai a sauka bazan, wato wurin ɗibar ruwan jama'a, a cika garwa biyu, a rataye su a sanda, a saɓa a kafaɗa. Daga sallar asuba har rana ta take yana sauka yana hawa, yana kai wa gidajen Larabawa da masaukan alhazai. In ya dawo Umma ta zuba masa shayi, ya jingina da bango ya yi shiru abinsa. Ba mai yawan magana ba ne. Ni ce na kwashe surutun gidan duka, kuma daga wajen Umma na gaje shi.

Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Ita mai sunan tana can wani ƙauye a ƙasar Kano, ban taɓa ganinta ba. Yana saurayi ya roƙe ta izinin shekara uku, ya zo ya sauke farali ya koma. Ya taho a ƙafa ta Sudan, yana tafe yana ƙodago, har ya ƙetaro teku. Shekara uku ta zama bakwai, ya auri Umma wadda a unguwar Jarwal, nan cikin Makka, aka haife ta, aka haife mu, bakwai ta zama ashirin. Ba shi da takardar zama, in ya fita ba zai sami hanyar dawowa ba. Sannan akwai abin da ba ya faɗa sai an matsa masa, wato ba ya jin zai iya kwana a garin da ba a jiyo kiran sallar Harami.

Abin da ke cin ransa guda ɗaya ne, kuma kowa a gidan ya san shi: Inna, kamar yadda yake kiranta, ba ta taɓa cewa ta yafe masa ba.

Akwai wani abokin wasansa tun suna yara, ƙofar gidansu na kallon ta su Baba, shi ke rako alhazan yankinsu kowace shekara yana haɗawa da ɗan cinikin goro. Ba jininmu ba ne, amma Baffa muke ce masa. A Jarwal yake sauka, sai alhazansa sun natsu sannan ya hawo mana da haki, da ƙullin kuka da daddawa da kanwa a hammata. Mutum ne mai barkwanci, yakan ce wanda ya hau dutsenmu sau ɗaya ya kamata a rubuta masa ladan Umra. Sai ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan Baba ya yi tambayar da yake yi duk shekara.

"Inna tana lafiya?"

"Tana nan da ƙarfinta. Ta ce a gaishe ka, a gaida iyali."

"Saƙona fa?"

"Na faɗa mata. Na ce kana roƙon gafara."

"Me ta ce?"

"Ta ce ta ji."

Iyakar amsar ke nan, shekara da shekaru. Ni a lokacin haushin tsohuwar nake ji, ina cewa a raina wannan wace irin taurin zuciya ce, kuma wai sunanta aka laƙaba mini. Sai da na haifi nawa, ɗaya ya tafi ya daɗe, sannan na daina jin haushinta.

A shekarar da nake ba da labari ne wasu 'yan abubuwa suka cika shagunan da ke kewayen Harami. Ɗan abu ne na roba, ja, mai siffar kyamara, bai fi tafin hannu ba. Ka kanga shi a ido ka fuskanci haske, sai ga Ka'aba a gabanka. Ka danna wani ɗan maɓalli, sai ga Arfa, ka sake dannawa, sai ga kubbar Madina. Alhazai suka yi ta saye don tsarabar yara. Mu a gidanmu madubin Makka muke ce masa. Baba ya tsaya a wani shago ya leƙa wanda aka rataye don gwaji, ya daɗe yana kallo, ya dawo gida da wata shawara. Ya ce wa Umma, Inna jin labarin Ɗakin Allah kawai take yi, ba ta taɓa sa shi a ido ba. In ta gan shi, ko a hoto ne, wataƙila ta gane abin da ya riƙe shi.

Guda biyu ya sayo, kowanne a cikin ɗan kwalinsa a liƙe, da hoton Ka'aba a jikin kwalin. Bai buɗe ba, don yana so na Inna ya isa hannunta yadda ya fito daga shago, ita za ta fara ɓare shi. Ya ba Baffa nata ranar sallama, haɗe da turare da dabino da gorar zamzam. Namu kuwa Umma ta jefa a akwati ta kulle, ta ce lokacin alhazai lokacin aiki ne, ga wanki ga tuyar ƙosai, ba ta son ta ga wani ya liƙa ido a roba. Ta ce sai gari ya yi sarari.

Kwana goma sha wani abu bayan tafiyar su Baffa, da la'asar, ta fito da shi. Ni ce babba, ni na fara. Na ɓare kwalin, na juya wajen rana, na rufe ido ɗaya, ina jiran in ga Ka'aba.

Ruwa na gani. Ruwa shuɗi shar, shimfiɗe har ƙarshen hoton, ga wata gada ta katako ta ratsa shi a karkace, da rufi a kanta kamar rumfa, an jera furanni jajaye a gefenta tun daga farko har ƙarshe. A tsakiyar ruwan, jikin gadar, wata hasumiya ce ta dutse, ƙatuwa, mai hula mai tsini. Na danna. Wani farin jirgin ruwa mai bututun hayaƙi, mutane sun jeru a samansa, bayansa duwatsu kore shar. Na danna. Wasu fararen tsuntsaye kamar agwagi, wuyansu dogo a lanƙwashe, suna yawo a kan ruwa a gaban wani gini mai hasumiya biyu. Na danna. Wani zaki da aka sassaƙa a jikin dutse, yana kwance ya ɗora kai a kan ƙafarsa, fuskarsa kamar zai yi kuka, ga wani ɗan kududdufi a gabansa. Na danna. Jirgin ƙasa ja, tarago ɗaya tal, yana hawa dutse a miƙe kamar ƙadangare a bango. Sai wani akwati a rataye jikin waya, tsakanin sama da ƙasa, da mutane a ciki suna leƙe. Sai shanu masu ƙararrawa a wuya, cikin ciyawar da ta kai musu gwiwa. Na ƙarshe wani dogon dutse ne, kansa fari fat, ƙasansa kuma ga garin can da tafkinsa, ƙanana kamar kayan wasa.

Na sake zagayowa daga farko. Umma ta ce, "Ke, ba ke kaɗai aka saya wa ba." Na ce, "Umma, babu Ka'aba a ciki." Ta ce in daina shirme, ta karɓa ta kanga. Sai na ji ta ce da Larabci, "Ish hada? Wannan kuma ina ne?"

Baba yana gefe yana gyara igiyar garwa. Ya miƙo hannu, ya duba, ya danna, ya danna, har ya kai ƙarshe. Ya ce, "Wannan ba Makka ba ce." Umma ta ce ai wannan ko jariri ya sani. Ta fara dariya, ni ma na fara, sai muka ga fuskarsa. Ya ce, "Na Inna fa? Tare aka ciro mini su."

Bai tsaya sa hula ba, ya gangara shagon, na bi shi a baya ba tare da ya ce in zo ba. Mai shagon ya buɗe ragowar kwalayen da ke wannan jerin ɗaya bayan ɗaya, duk garin ruwa ne. An yi kuskure tun daga inda aka zuba su a kwali. Mutumin ya yi ta ba da haƙuri yana cewa, "Ma'alesh ya Hajji, ma'alesh, ɗauki wani." Baba ya tsaya yana kallonsa kamar bai ji Larabci ba. Jirgin su Baffa ya daɗe da tashi daga Jidda, ba waya, ba wanda za a tura. Ni kuwa na ƙanƙame namu a cikin mayafi, don kada a ce za a musanya.

A maƙwabcin shagon akwai wani mai gyaran agogo, ɗan Buhara, ya ji hayaniya ya leƙo. Ya karɓi madubin ya duba, ya ƙyalƙyale da dariya, ya ja mu cikin shagonsa ya nuna mana wata kalanda a bango. Gadar nan ce, da furanninta da hasumiyarta. Ya ce sunan garin Lusarn, a ƙasar Suwizalan ta Turawa, ƙasar da ake ƙera agogunan da yake gyarawa. Ya ce masu hali daga ko'ina suna zuwa can don kawai su yi kallo: su taka gadar, su shiga jirgin ruwa su zaga tafkin, su hau jan jirgin nan har ƙololuwar dutse, su sauko a akwatin waya. Farin da ke kan dutsen kuma ƙanƙara ce, ita ke narkewa ta cika tafkin. Baba, duk da halin da yake ciki, sai da ya tambaya ko ruwan na gishiri ne. Mai agogo ya ce na daɗi ne, ana sha. Baba ya ce, "To masu ɗebo ruwa a garin nan me suke ci?"

Shekara guda cur muka yi ba mu san abin da ya faru a ƙauye ba. Baba ya ƙara shiru a kan shirunsa. Tsoronsa shi ne kada Inna ta ɗauka ya raina ta, bayan shekara ashirin ya aika mata hotunan Turawa da zaki na dutse. Wani lokaci yakan ce wataƙila Baffa ya buɗe a hanya ya jefa a teku, sai Umma ta ce in sha Allahu haka aka yi, alhali dukansu sun san Baffa ba ya buɗe saƙon mutane.

Amma mu yara, Allah ya gafarta mana, shekarar nan tana cikin mafi daɗin shekarun da na yi a duniya. Labari ya bazu a Nakkasa cewa gidanmu akwai madubi mai ruwa a ciki. Da la'asar mata sukan hawo da ɗinkin hularsu, a baje tabarma, madubi ya yi ta zagaye hannu zuwa hannu. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mutuniyar Sakkwato, in ta karɓa sai an yi da gaske take saki. Takan ce, "Wanga ruwa duka, ba mai ɗiba? Ba mai wanki? Kai, waɗanga mutane ba su san ni'ima ba." Tsuntsayen nan kuwa ta ce agwagi ne aka ja wuyansu tun suna ƙanana. Akwatin waya ta rantse ko da zinariya aka cika shi ba ta shiga. Zakin ne kawai ba ta so, ta ce a wuce shi da sauri, tausayi yake ba ta.

Ni gadar ce tawa. Na san yawan tagogin gidajen da ke bayanta, na ma zaɓi gidana a ciki, wani mai rufin jar ƙasa da ke daf da ruwa. In zafi ya tsananta, irin zafin Makka da kwanon rufi ke ƙara kamar ana taka shi, sai in shige bayan randa in kanga madubin in tsaya a hoton dutsen ƙanƙara. Wallahi sai in ji kamar iska ta taɓa ni. Nakan tsara yadda zan yi yawona: in fara da gadar da sassafe, in ba agwagin nan gutsuren gurasa, in je in gaida zaki, in shiga jirgin ruwa, azahar ta same ni a kan dutse in yi salla a cikin ciyawa kusa da shanu. Ban taɓa zuwa ba har yau. Jikokina sun nuna mini garin a waya, yana motsi, har da ƙarar jirgin, amma shuɗin ruwan bai kai na madubinmu ba, na kuma faɗa musu haka.

Da alhazai suka sake zuwa, Baba bai jira Baffa ya hawo ba, shi ya gangara Jarwal ya taho da shi. Ranar ba a jira tuwo ba. Baffa ya zauna yana fifita da hula, ya dubi Baba ya ce, "Kai dai ka sa ni a uku."

Ya ce da ya isa ya miƙa wa Inna saƙonta a tsakar gida, mata sun cika, ta ɓare kwalin da hannunta, ya nuna mata yadda ake kangawa. Ta duba, sai ta fara salati. Ya ce shi yana ta murmushi, ya ɗauka Ka'aba take gani. Sai ya ji ta ce, "Ashe haka zamzam take da yawa!" Ya karɓa ya leƙa, sai ga garin ruwa. Kafin ya buɗe baki ta fizge abinta, ta ci gaba da dannawa tana yi wa matan bayani da kanta. Gadar mai rufi ta ce Safa da Marwa ce, ai ta ji an ce an yi mata rumfa. Ginin mai hasumiya biyu masallacin Madina ne. Da ta zo kan dutsen nan mai farin kai sai ta fashe da kuka, ta ce ga Arfa, ga bayin Allah can sun rufe kansa da fararen harami. Wata ta tambaya ina Ka'aba, ta ce ke ma dai, ana ɗaukar Ɗakin Allah hoto ne?

Umma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba ka faɗa mata ba?"

Baffa ya ce, "Da wane bakin? Akwai alhazai uku a garin, duk sun leƙa, duk sun yi gum. Liman ma ya leƙa ya ce Allah mai iko, ya miƙa mata abinta." Ya gyara zama, ya sassauta murya. "Kuma ga saƙonka. Ta ce in faɗa maka, ta ga inda kake. Ta ce wanda ya sami wuri irin wannan, ga ruwa ga sanyi ga ciyawa, ba za a ce ya dawo ƙauye ya sha rana ba. Ta ce ka yi zamanka, ta yafe maka."

Umma ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo. Ni ma na yi tsalle, don tun da na yi wayo nake jiran wannan kalma a gidanmu. Baba ya ce alhamdu lillahi a hankali, ya tashi ya shiga ɗaki, bai fito ba sai da aka kira magariba.

Kwanakin aikin Hajji suka wuce. Sai ana jibi Baffa zai tafi, da hantsi, ya dawo daga bazan da wuri, ya ajiye garwa ya ce, "Uwata, ɗauko tawada da takarda." Ni kaɗai ce mai rubutun ajami a gidan, wajen wata malama a unguwarmu na koya. Umma ta gane abin da zai yi tun kafin ya faɗa. Ta ce, "Malam, don Allah ka bar maganar nan. Shekara ashirin kana nema, Allah ya ba ka, kai ba ƙarya ka yi ba, ba kai ka zuba hotunan ba. Tsohuwa ta sami kwanciyar hankali, za ka tayar mata?"

Ya ce, "Wanda Inna ta yafe wa yana zaune a bakin tafki yana shan iska. Ni ban san shi ba."

"In ta janye fa?"

"In ta janye, tata ce."

Na shiga ɗaki ɗauko tawada, Umma ta biyo ni, ta kama hannuna ta raɗa mini cewa in rubuta gaisuwa da godiya kawai, ai ba ya karatu, ba zai sani ba. Ba zan ɓoye ba, na so in yi hakan. Ina tsoron a koma gidan jiya, a koma "ta ce ta ji", ina kuma jin haushin Baba da nasa irin taurin kan, wanda a ranar na gane inda ya gado shi. Na zauna a gabansa da allo a cinya na ɗora takarda, ban san abin da zan yi ba.

Sai ya fara, yana kallon ƙasa. Ya ce, "Inna, bayan gaisuwa. Hotunan da kika gani ba Makka ba ce, wani gari ne na Turawa, kuskure aka yi a shago." Ya ɗago ya ce, "Kin rubuta, Uwata?" To, mutum yana kallon idonki yana kiranki uwarsa, ta yaya za ki cuce shi? Na rubuta. Ya ce a rubuta cewa inda yake dutse ne baƙi, babu ciyawa, babu tafki, ruwa a kafaɗa yake hawo da shi tun asuba, har kafaɗar ta yi kanta. Ya ce a rubuta cewa gidansa na kwano ne, lokacin zafi ba a iya shigarsa. Ya ce a rubuta cewa ba daɗi ne ya hana shi komawa ba, da farko rashin hali ne, daga baya iyali, sannan kuma ya kasa rabuwa da Ɗakin Allah, wannan laifinsa ne, ba ya ɗora wa kowa. Ya ce in ta ga dama ta bar masa yafewar, in ta ga dama ta karɓe abarta, shi dai ba zai riƙe abin da aka ba wani ba. Ina rubutu hawaye na ɗiga, sai da na sake layi biyu.

Ya haɗa takardar da wani sabon madubi, wanda ya buɗe a shago ya duba hotunansa ɗaya bayan ɗaya har sau biyu. Ya ce wa Baffa liman zai karanta, a gabansa, kada a tsallake ko harafi. Baffa ya girgiza kai ya ce shi dai bai taɓa ganin mutumin da aka ba kyauta ya bi mai kyautar da gudu yana cewa a sake tunani ba.

Wannan shekarar ta fi ta farko tsawo. Umma ta yi wata guda ba ta yi mini magana mai daɗi ba. Mata sun ci gaba da zuwa kallon garin ruwa, amma ni na rage, in na kanga sai in tuna da wata tsohuwa can tana kallon wannan dutsen tana ganin alhazai. Kullum tsorona kada ta rasu kafin amsa ta zo, ko kuma amsar ta zo ta sake zama "ta ce ta ji".

Baffa ya hawo da kansa a shekara ta uku, da la'asar, yana haki fiye da da. Ya sha ruwa, ya ce tana raye, ƙafa ce dai ta fara gardama. Ya ce liman ya karanta, ta sa ya maimaita. Sannan ta juyo ta dube shi ta ce, "Kai ma da kai aka rufe ni?" Ya ce ya rasa inda zai sa kansa. Ta ce, "Wato babu ko bishiya?" Ya ce akwai guda ɗaya. Ta ce, "Kuma shi ke ɗaukar ruwan, da furfurarsa?" Ya ce shi ne. Ta karɓi sabon madubin ta daɗe a kan hoton Ka'aba, ba ta yi bayani wa kowa ba wannan karon. Tsohon kuma ta ce a bar mata shi, tana kallo in zafi ya dame ta.

Baba ya ce, "Saƙona fa?"

Baffa ya ce, "Ta ce in faɗa maka da bakinta, kada in gyara. Ta ce bara ta yafe maka ne tana jin ciwo, don ta ɗauka ka sami wurin da ya fi ta ne ka manta da ita. Ta ce yafewar baki ce, ta faɗa ne don kada a ce ta hana ɗanta jin daɗi. Ta ce yanzu da ta san ba daɗi ne ya riƙe ka ba, ta yafe maka har cikin zuciyarta, duniya da lahira. Ta ce kuma yarinyar da ta yi rubutun a shafa mata kai."

Sannan ya zaro wani ƙulli daga aljihun babbar rigarsa. Tsohon zanenta ne na saƙi, baƙi, wanda ya koɗe don wanki. Ta yanka shi ta ninka, ta cusa auduga, ta ɗinke da hannunta, ɗinkin duk ya karkace saboda ido. Baffa ya ce ta ce a sa a kafaɗa, a ƙarƙashin sandar garwa.

Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya kai hanci ya shinshina, sai ya kifa fuskarsa a ciki. Ban taɓa jin kukan babban mutum ba sai ranar, kuma ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri, Umma ma ta bar shi ya yi abinsa.

Ba su sake ganin juna ba, ta rasu bayan shekara biyu. Umma ta so a adana matashin a akwati don kada ya lalace, Baba ya ce ba don akwati aka ɗinka shi ba. Washegari da asuba ya ɗora shi a kafaɗa ya saɓa sandarsa ya gangara bazan, haka kuma kowace safiya, har zanen ya rududduge audugar ta fito.